Lambar 06 a gefen motar Faransa: shin tana nuna inda motar ta fito?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, na tara kuɗi zan sayi motar hannu wadda ta fito daga Faransa. Dillalin da muke magana da shi a Lome ya turo min hotunan Peugeot biyu, ƙira ɗaya, shekara ɗaya. Ɗaya tana da 06 a gefen dama na lambarta, ɗayar kuma 59. Ya ce mai 06 daga Nis take, garin tsofaffin masu kuɗi a bakin teku, ba ta taɓa taka ƙanƙara ba, saboda haka sai na ƙara jaka ɗari huɗu a kanta. Mai 59 kuwa wai 'yar arewa ce, gishirin da suke zubawa a titi ya cinye ƙarƙashinta. Ya ba ni zuwa Juma'a. Kuɗin nan gumina ne na shekaru, ina tsoron asara. In ƙara ko kada in ƙara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ƙara ko dala saboda wannan lambar.

Dillalinka ya faɗi gaskiya a abu ɗaya. 06 lambar gundumar Alpes-Maritimes ce, inda Nis da Kan suke, 59 kuma ta gundumar Nord ce, inda Lil take kusa da iyakar Beljiyam. Faransa tana da gundumomi 101 a cikin jihohi 18, goma sha uku a Turai, biyar a ƙetare, tun bayan haɗe jihohin da aka yi ranar 1 ga Janairun 2016. An jera lambobin gundumomi bisa haruffa, daga Ain mai 01, kamar dai yadda tsofaffin lambobin motocinmu na Nijar suka ba Agadas 1, Maraɗi 4, Damagaram 7. Jerin ya ɗan karkace daga baya: an yanka kewayen Paris a 1968 aka fitar da 91 zuwa 95, aka raba Korsika a 1976 ta zama 2A da 2B, na ƙetare kuma suna da alƙalami uku, irin su 974 ta tsibirin Reyuniyon. Iyakar gaskiyarsa ke nan. Sauran abin da ya ɗora a kai, labarin kanzon kurege ne.

Kuma wallahi na gaji da jin wannan labari, domin kusan kullum sai wani ya kawo min shi, daga Kwatano, daga Lome, daga filayen sayar da motoci na Yamai. Tun daga 15 ga Afrilun 2009 Faransa ta canza tsarin lambar mota. Lambar yanzu haruffa biyu ne, alƙalami uku, haruffa biyu, daga jeri ɗaya na ƙasa baki ɗaya, kuma mota tana riƙe da ita har ranar da za a kai ta bola. Wancan ɗan shuɗin gefen dama, mai tambarin jiha da lambar gunduma, mai mota ne yake zaɓensa da kansa a wurin mai buga lamba. Ba a tambayarsa takardar zama, ba a tambayarsa inda aka haife shi. Sharaɗi ɗaya ne: tambarin jihar ya dace da gundumar da ya zaɓa. Mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙi a Lil cikin ƙanƙara da gishiri yana iya maƙala 06 don kakarsa 'yar Nis ce, ko don can ya yi hutun da ya yi masa daɗi, kuma ɗan sanda ba zai ce masa uffan ba. Gobe in ya ga dama ya sake bugo wata da 33 ta Bordo. Wannan alƙalami biyu ba ya cikin lambar rajista, ba a ma rubuta shi a jikin katin mota, wato takardar rajistarta.

Asali ma gwamnati ta so ta cire shi gaba ɗaya. Jama'a da 'yan majalisa suka yi ca, kowa yana son garinsu a bayan motarsa, shi ne aka yi sulhu aka bar shi a kan kowace mota, amma mai mota ya zaɓi gundumar da yake so. Je ka titunan Paris ka ƙirga motoci masu 2A da 2B. Da yawa cikin masu su ba mazauna Korsika ba ne, sun dai ɗauka ana shakkar mutanen tsibirin, ba za a tsokane su a hanya ba.

Na san inda ruɗin ya samo tushe. A tsohon tsarin da aka yi aiki da shi daga 1950 zuwa 2009, alƙalami biyun ƙarshe na lamba su ne gundumar da aka yi rajista, kuma in ka ƙaura zuwa wata gunduma dole ka sake lamba. Dattawan harkar mota a kan wannan suka koyi sana'a, yaransu suka gada, babu wanda ya tsaya ya duba ko dokar tana nan. To ko a wancan zamanin ma lambar ba ta rantsuwa ba ce. A shekarun 1990 kamfanonin hayar mota sun riƙa tururuwa suna rajista a gundumar Marne, mai lamba 51, don harajin mota ya fi sauƙi a can, motocin kuwa suna yawo ko'ina cikin ƙasar. Wanda ya sayi mai 51 a lokacin yana murnar ya samu motar ƙauye, wataƙila motar haya ya saya wadda ɗaruruwan hannaye suka murza.

Mu ma ƙaddara motar nan a Nis ta yi rayuwarta. Sai me? Alpes-Maritimes, kamar yadda sunan ya nuna, duwatsun Alps ne suka gangaro har bakin teku. A cikin gundumar akwai wuraren wasan ƙanƙara irin su Isola 2000, ana zuba gishiri a hanyoyinsu kamar ko'ina. Iskar teku ita ma gishiri take ɗauke da shi, tana cin ƙarfe. Sannan ga abin da ya fi tayar min da hankali: ambaliya. A Oktoban 2015 ruwa ya afka wa Kan da Antib, a Oktoban 2020 guguwar Alex ta yi ɓarna a kwaruruwan Roya da Vésubie, duk a cikin 06 ɗin nan da ake neman ka biya ƙari dominta. Motar da ta sha ruwa ana wanke ta ta yi ƙyalli, ta tashi lafiya a gaban mai saye, sai bayan wata uku wayoyi da kwamfutar inji su fara hauka, wata rana jakar iska ta ƙi buɗewa lokacin da rai yake buƙatarta. Ban ce taka ta sha ruwa ba. Cewa nake lambar da dillali yake nuna maka ba ta wanke ta daga komai ba, kuma wanda hankalinsa ya tafi kan ɗan shuɗin nan ba ya tunawa ya ɗaga kafet ya shinshina.

Ga kuma abu mai sauƙi da ya kamata kowa ya tuna: farantin lamba ƙarfe ne ko roba da aka ɗaure da ƙusa. Akwai ma sitika da ake sayarwa a liƙa a kan gefen daman. A Faransa laifi ne, tararsa yuro 135, amma a filin motoci na tashar jirgin ruwa wa zai ci tarar wa? Dillalin da ya gano cewa 06 tana ƙara jaka ɗari huɗu, me zai hana duk motocinsa su zama 'yan Nis kafin asuba?

Haruffan farko su ne suke da ɗan amfani. Tunda jeri ɗaya ne, lambar da ta fara da E an bayar da ita ne wajajen 2016 zuwa 2018. Amma nan ma ka yi hattara, domin tsohuwar mota da aka mayar sabon tsari, ko wadda aka shigo da ita daga Jamus, sabbin haruffa take samu. Shekarar mota tana layin B na katin mota, wanda muke kira kart-giriz.

Saboda haka kafin Juma'a ka ce ya turo maka hoton katin kowace mota, gaba da baya. Layin C.3 shi ne adireshin mai ita na ƙarshe, alƙalami biyun farko na lambar gidan waya su ne gundumar da yake zaune da gaske. Layin E lambar shasi ce mai harafi da alƙalami 17, ka sa wanda ka amince da shi a Lome ya gwada ta da wadda ke bugge a jikin motar. Ka nemi takardun bizit. A Faransa ana yi wa mota gwajin farko tana shekara huɗu, sannan duk bayan shekara biyu, kuma kowane gwaji ana rubuta kilomita, nan za ka gane ko an mayar da agogo baya. Akwai shafin gwamnati na kyauta mai suna HistoVec, inda mai mota yake fitar da tarihinta: hannu nawa ta canza, ko ta yi babban haɗari, ko an kai rahoton sata. In dillali yana da wanda ya sayo masa a can, wannan ba abu ne mai wuya ba.

Bayan takardu, makanike. A ɗaga motocin biyu a duba ƙarƙashi, a cire kafet, a leƙa ramin tayar safaya da akwatin fiyus ko akwai busasshen laka ko tsatsa. Wadda ta fi lafiya ita za ka ɗauka, ko da 59 ce, kuma a farashin da babu ƙarin jaka ɗari huɗu. In ya fara hanya-hanya a kan turo katin, ko ya ce sai ka biya tukuna, ka bar masa motocinsa duka biyun ka nemi wani dillali.