Yaya zan ɗauki hoton faifan kwamfutata gaba ɗaya da dd?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Zariya, kwamfutar da nake aiki da ita kuma ta kwana biyu. Faifanta gigabait 500 ne, abin da ke ciki bai wuce 80 ba. Na kwafe fayilolin kaf zuwa wani faifai, amma da na saka shi sai kwamfutar ta ƙi tashi. Wani ya ce in yi amfani da dd. Yaya ake yi, kuma ba zai ɓata min aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutar ba ta yi maka rashin kunya ba. Ka kwashe kayan ɗaki ne ka bar ɗakin. A farkon kowane faifai akwai jadawalin da ke nuna yadda aka kasa shi, akwai kuma manhajar da ke tada na'ura, kuma kwafin fayil na yau da kullum ba ya ɗauko su yadda suke. Shi dd, umarnin kwafi da ya zo da babbar manhajar Unix tun shekarun 1970, ba ruwansa da fayil. Yana karanta faifai daga farko har ƙarshe, ya zuba abin da ya gani a cikin fayil guda. Wannan fayil shi ake kira hoton faifai.

Kada ka ɗauki hoton faifan da kwamfutar ke aiki a kai, domin yana canzawa kana cikin kwafa. Ka tada ta da filashin da ke ɗauke da babbar manhajar Ubuntu, ka jona faifan ajiya, ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL

A nan nake so ka natsu. Ka dubi girma da sunan kamfanin kowane faifai, ka tabbatar wanne ne na shago, wanne ne na ajiya. Sunaye irin su sda da sdb suna iya musanya wuri bayan an kashe an kunna, don haka kada ka dogara da abin da ka gani jiya. Idan na shagon ne sda, faifan ajiya kuma yana buɗe a /media/ajiya, sai ka ce:

sudo dd if=/dev/sda of=/media/ajiya/shago.img bs=4M status=progress

Abin da ke gaban if shi ake karantawa, na gaban of shi ake rubuta wa. Ka juya su, to dd ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba, zai iya shafe aikin shekaru yana yi maka lissafin gudunsa. Ni har yau sai na karanta layin sau biyu kafin in danna. Shi kuwa bs=4M don sauri ne, domin idan ba ka faɗa ba, bait 512 yake ɗiba a kowane zuwa.

Hoton zai fito gigabait 500 cif, ko da 80 ne kawai kayanka, tunda har wurin da ba kowa yake kwafewa. Kana iya matse shi:

sudo dd if=/dev/sda bs=4M status=progress | gzip > /media/ajiya/shago.img.gz

Sai dai kada ka sa ran zai koma 80. Fayilolin da ka goge suna nan kwance a faifan har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma duk za su bi hoton. Wato takardun mutane da ka buga bara suna ciki, saboda haka faifan ajiyar nan ba na ba da aro ba ne. Ka kuma duba kada tsarin faifan ajiyar ya zama FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. ExFAT ko NTFS ko ext4 za su yi.

Batun wuta fa. Ta tsohuwar kafar USB 2.0 aikin zai ci awa huɗu ko fiye, kuma idan aka ɗauke wuta dd ba ya ci gaba da kansa daga inda ya tsaya. Shi ya sa ga tsohon faifai irin naka na fi son ddrescue, wanda a Ubuntu ake saukewa da sunan gddrescue:

sudo ddrescue /dev/sda /media/ajiya/shago.img /media/ajiya/shago.map

Wannan shago.map ɗin yana riƙe lissafin inda aka kai, ka sake ba da umarnin ya ɗora. Yana kuma tsallake wuraren da suka lalace ya fara ceto masu lafiya. Idan faifan ya fara ƙara ƙas-ƙas, kada ma ka bi ta kan dd.

Bayan an gama, ka buɗe hoton ka gani da idonka:

sudo losetup -r -f -P --show /media/ajiya/shago.img

Zai ba ka suna kamar /dev/loop0, kashe-kashen faifan su fito a matsayin loop0p1, loop0p2. Ka ɗora wanda kayanka suke ciki da mount -o ro, ka buɗe takarda biyu ko uku. Wanda aka matse da gzip sai an warware shi kafin a buɗe haka.

Ranar mayarwa, hoton ne zai zauna a if, sabon faifan a of. Sabon dole ya kai tsohon girma ko ya fi shi. Hoton 500 ba zai shiga faifan SSD mai 480 ba, balle mai 256. Idan ƙarami kake shirin saya, sai an fara rage girman kashin tukuna, wannan kuma ka sake rubuto min kafin ka taɓa komai.