An liƙe kwanon sau biyu, amma silin ɗakin yara ya yi ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Tun farkon damina ruwa ke ɗiga a ɗakin yarana. Sau biyu ina kiran mai gyara. Da farko ya shafa kwalta, karo na biyu ya ɗora siminti a kan kwanon, daidai saitin inda ake ganin ɗigar. Ta tsaya kamar mako uku, yanzu kuma silin ya rine ya yi ciki, ƙwan lantarkin ɗakin yana ƙiftawa in ana ruwa. Ya ce in bari sai rani. Wallahi in hadari ya haɗo ba na iya runtsawa. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Yau ɗin nan ki fitar da yaran daga ɗakin, a kashe wutar ɗakin daga babban akwatin wuta na gida, domin makunnin bango bai isa ba. Ƙwan da ke ƙiftawa lokacin ruwa alama ce cewa danshi ya kai ga waya. Silin da ya yi ciki kuwa ruwa ne kwance a bayansa, kowace lita nauyin kilo guda ce, kuma jiƙaƙƙen silin ba ya sallama kafin ya rufto. Bayan an kashe wuta, a ajiye bokiti, a huda ƙaramin rami a inda cikin ya fi saukowa, ruwan ya tsiyaye. Kada a mayar da wutar sai mai aikin lantarki ya duba.

Yanzu ga abin da ke cina a wannan sana'a kusan kullum: zaton cewa inda tabo ya fito a silin nan ne ramin yake, sai a hau a lafta masa wani abu. Ruwa ba kasafai yake sauka a inda ya shiga ba. Yakan bi bayan kwano, ya kama katako, ya gangara mita biyu ko uku, sai ya sami kusa ko mahaɗa sannan ya ɗigo. Mai gyaranki ya auna saitin tabo daga ƙasa ya hau sama, wataƙila ma lafiyayyen kwano ya shafe, ramin kuma yana can sama da wurin.

Ko da ya dace da ramin, siminti ba shi da hurumi a kan kwano. Ba ya kama ƙarfe mai santsi. Kwano kuma ba ya zama wuri ɗaya: rana ta buɗa shi, dare ya tsuke shi, iska ta girgiza shi. Kwanon alminiyum mai tsawon mita 6, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana miƙewa sama da milimita 5. Siminti ba zai bi shi ba, sai ya tsage ya ɗaga. Daga nan ya zama madatsa: ruwan da da zai wuce abinsa sai ya tsaya a bayansa, ya shige ƙarƙashi, ya kwana. Jiƙaƙƙen siminti kuma yana cin alminiyum, yana cin farin shafen da ke kare kwanon ƙarfe daga tsatsa. Ramin da ake iya toshewa da sukuru guda sai ya zama tafin hannu. Kwalta ma haka take, ta yi laushi da rana, ta bushe ta tsattsage, ta ɓoye tsatsar da ke ci a ƙasanta. Na sha ɓamɓare irin wannan faci in tarar kwanon ya zama kamar rariya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne makonni ukun nan da ɗigar ta tsaya. Su ne ke sa mai gida ya saki jiki, ya biya kuɗi, har ya sa a yi wa tabon fenti, alhali ruwan bai daina shiga ba, hanya kawai ya sake. Katako in danshinsa ya zarce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, ruɓa ta kama shi, gara kuma dama abin da take nema ke nan. Rufin da iska ke yayewa, sau da yawa kusoshin sun daɗe a cikin ruɓaɓɓen katako ba su riƙe komai ba. Duk wanda ya hau rufin mutane da kwanon siminti a hannu bai leƙa cikin silin ba, da rayukan mutanen gidan yake wasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Neman rami daga ciki ake farawa. Mutum ya shiga saman silin da tocila, yana taka katako kawai, ya bi sawun tabon ruwa zuwa sama har inda ya ƙare. Da rana in ya kashe tocilar, ƙananan ramuka za su nuna haske. In ba a gani ba, wani ya hau da tiyo ya riƙa zuba ruwa daga ƙasan rufin yana hawa sannu a hankali, na ciki yana kallo. Galibi laifin yana wurin kusar da robarta ta ƙone ko aka buga ta a kwarin kwano maimakon tudunsa, ko mahaɗar kwano biyu da ba su hau juna sosai ba (aƙalla santimita 15 ake so a tsaye), ko kwarin da rufi biyu suka haɗu, ko inda kwano ya haɗu da bango. A duba magudanar ruwa ma. Ruwan sama milimita 20 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 2,000 ne, in ganye ya toshe masa hanya dole ya koma cikin gida.

Gyaran kansa ba shi da wuya. Kusa da ta saki a zare ta, a sa sukuru mai sabuwar roba wanda ya ɗan fi ta kauri. Kwanon da tsatsa ta huda a cire shi gaba ɗaya. In ƙaramin rami ne a lafiyayyen kwano, a goge wurin, a yi faci da irin ƙarfensa, a liƙe da silikon na rufi, ba mai warin tsami ba, domin mai warin tsamin yana cin kwano. Kowane katako da ya jiƙe a soka masa sukudireba, in ta nutse a canza shi. In rufin na asbesto ne, wato kwanon nan mai kama da siminti, kada a taka shi, kada a yanka ko a fasa, ƙurarsa tana jawo ciwon daji.

Maganar a bari sai rani kuwa, ban yarda da ita ba. Yini ɗaya ko biyu da ba ruwa sun isa, kuma kada kowa ya hau jiƙaƙƙen kwano. Kafin nan a rufe wurin da tamfol, a fara shi daga can ƙololuwar rufin don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa. Wanda za ki kira a wannan karon, Hajiya, ki ce ya ɗauko miki hoton inda ruwan ke shiga daga cikin silin, da hoton katakon da ke wurin, kafin ku yi maganar kuɗin aiki.