Riyal ɗin Azurfa da Aka Rina

Tambaya: Malam, a kasuwar Balad ta Jidda na ga riyal ɗin azurfa na zamanin Sarki Abdul'aziz mai launin shuɗi da ja. An ce rina shi aka yi. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, azurfa kan sauya launi da kanta bayan shekaru, saboda farar wutar da ke cikin iska ko takarda. Masu dabara kuwa sai su rufe ta tare da dafaffen ƙwai, kafin gobe ta rine. In mai shago ya faɗi gaskiya, ya rage farashi, saya. Ranar da za ka sayar ce ke damuna, domin ɓoye wannan algus ne. Rubuta “rinanne” a jikin ambulan ɗin da za ka ajiye shi a ciki tun yau.