Hajiya, Kada A Sayo Wa Baba Magani Daga Waje

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta abin da kika rubuto, cewa an yi masa aikin ciki a Jidda, yana kwana tara a inaya murakkaza (ɗakin kulawa ta musamman) zazzaɓi ya taso, likita ya ce ƙwayar Klebsiella ce kuma ba ta jin magani. Kina tambaya ko ku nemo masa mai ƙarfi a saidaliyya, wato kantin magani. Shekarata 14 ina aikin jinya a irin wannan ɗaki a Makka, kuma don Allah kada ku yi haka.

Wannan ƙwaya tana zaune a hanjin mutane da yawa ba ta yi musu komai. Sai jiki ya yi rauni, an sa robar numfashi, robar fitsari da ta jijiya, sannan ta samu ƙofa. Tana da wata riga mai santsi da ke hana sojojin jini kama ta. Na taɓa tsayawa a ɗakin gwaji, ma'aikacin ya taɓa wata irinta da ɗan tsinken waya ya ɗaga, sai ga ta ta biyo shi zarara kamar yauƙin kuɓewa. Tana kuma satar sinadarin ƙarfe daga jikin majiyyaci ta ci ta hayayyafa. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne yadda suke taruwa su manne a jikin roba, kamar gansakukar da ke kama cikin randa. In sun yi wannan shimfiɗa, magani sai dai ya wanke na sama. Shi ya sa wani lokacin cire roba ko sauya ta ke sauke zazzaɓin da allurar kwana biyar ta kasa saukewa.

Rashin jin magani kuma dabam ne. Wasunsu suna fitar da sinadarin da ke farfasa maganin kafin ya yi aiki, har da meropenem da muke ajiyewa sai ta ɓaci. Wanda muka fi gani a nan ana ce masa OXA-48, a Turkiyya aka fara gano shi a 2001, sai kuma NDM. Bambancinsu ba ƙarami ba ne: akwai allurar ceftazidime-avibactam da ke kama na farko, amma ita kaɗai ba ta iya wa na biyu. Wani lokacin dole a koma colistin, tsohon magani mai taɓa ƙoda, a riƙa auna jini kullum. To kin ga kafso na saidaliyya ba shi da wurin shiga a nan. Tun 2018 ma hukumar Saudiyya ta tsananta hana sayar da mudad, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba takardar likita, da tarar da ta kai riyal 100,000.

Har yau ina tuna wani dattijo namu daga Shara Mansur a nan Makka. Ɗansa, don tsabar so, ya riƙa ba shi ragowar kafso a ɓoye kafin a ɗebi jini. Mazra'a, wato gwajin da ke gano ƙwayar da maganin da ke kama ta, ta fito ba ta nuna komai ba, muka yi kwana uku muna lalube cikin duhu yana ta shan wuya.

Ki samu likitan da safe lokacin zagaye, ki ce ya nuna miki takardar mazra'a. Za ki ga sunayen magunguna, gaban kowanne da harafin R ko S. Mai R ƙwayar ta fi ƙarfinsa, mai S yana kama ta. Ki tambaye shi kullum ko akwai robar da za a iya cirewa. Rigar leda da safar hannu da ake ba ku a ƙofa, ku sa, ba ƙyamar Baba ake ba. Ku goge hannu da ruwan nan na bango shiga da fita, kuma duk wanda zai taɓa shi, ko likita ne, kada kunya ta hana ki ce masa ya goge hannu. Masu dubiya a rage su, na san da nauyi a faɗa wa dangi. Zamzam kuwa a shafa masa a goshi, kada a ɗura masa a baki yana da robar numfashi, zai iya wucewa huhu.

In takardar ta zo hannunki, rubuto min sunayen da ke da S, zan yi miki bayaninsu bayan na tashi daga aikin dare in sha Allah.