Kiɗanka kaya ne suka yi masa yawa

Ka ce ka sauke sautukan injin gangar nan 808 daga intanet, ka jera su a kwamfuta, amma kiɗan ya ƙi kama da na tsohon faifan da na kunna maka shekaranjiya, har kana tambaya ko akwai wani sauti da na ɓoye maka. Ban ɓoye maka komai ba, yaro. Jiya da ka fita sallar la'asar na buɗe aikin naka na saurara. Sautukanka lafiyarsu ƙalau. Layi ashirin da uku na ƙirga a ciki, kowane yana ta surutu, babu mai saurara wa wani. Jawo kujera.

Faifan nan sunansa "Planet Rock", ya fito a 1982 a birnin New York, na Afrika Bambaataa ne da ƙungiyarsa Soulsonic Force. Arthur Baker ne ya haɗa shi, John Robie ya danna fiyano. Kafin nan, masu waƙar hip-hop a unguwar Bronx a kan faifan wasu suke hawa, mai juya faifai yana maimaita musu gurbin da ganga ke tafiya ita kaɗai. In kuma kamfani zai buga waƙar, sai ya ɗauko makaɗa su kaɗa da hannu. Su Bambaataa suka bar wannan hanya, suka ari karin waƙa da salon bugu daga Kraftwerk, wasu Jamusawa 'yan garin Düsseldorf, suka ɗora a kan inji. Aron nan bai tafi a banza ba, sai da aka biya Jamusawan kuɗi daga baya. Ka riƙe wannan, don na ga hannunka yana yawan kai wa kiɗan mutane.

Injin shi ne Roland TR-808, ƙirar Japan. An fito da shi a 1980, aka daina ƙera shi a 1983, guda dubu 12 ko kusa da haka aka yi gaba ɗaya. Manyan makaɗa sun raina shi, suka ce gangarsa ba ta kama da ganga, kuma gaskiyarsu ce. Injin ganga Linn LM-1 da ake yayi a lokacin sautin gangar gaske aka naɗa a cikinsa, sai dai kuɗinsa ya kai wajen dala dubu 5. Shi 808 dala 1,195 ne a lokacin, kuma babu wani sauti da aka naɗa masa, wutar lantarki ce ke ƙirƙiro bugun a cikin wayoyinsa. Da kasuwarsa ta faɗi sai ya koma hannun yara marasa kuɗi, su kuwa ba su damu da ya yi kama da ganga ba.

To dubi hotonsa. Ka ga maɓallan nan 16 a jere a ƙasa, huɗu ja, huɗu ruwan lemo, huɗu ruwan ɗorawa, huɗu fari? Duk kiɗan a nan yake. Gidajen da kake gani a manhajarka su ne dai waɗannan. Kai ka sa kik, wato bugun babbar ganga, a gida na 1, na 5, na 9, na 13, dum dum dum dum, kamar mai daka a turmi. Wannan bugun disko ne. Goge shi. Sa kik a na 1, na 7, da na 11. Tafi da ƙaramar ganga su zauna a na 5 da na 13, kada su motsa daga nan. Kacau-kacau ɗin sama ya bi gidajen a guje. Gudun ka kai shi wajen bugu 128 a minti. Kunna mu ji.

Ka ji yadda ƙafarka ta nemi bugu a na 9 ba ta same shi ba, sai ya zo mata a makare? Ramin nan shi masu rawar ƙasa ke faɗawa ciki su juya a kan bayansu. Kai kuwa duk ramin da ka gani sai ka cusa masa wani abu. Ka taɓa ganin mai kalangun da ya san hannunsa yana duka ba numfashi? Yakan ɗaga, ya bar mai rawa ya ƙarasa maganar da ƙafa.

Sai maganar kik ɗin kansa, nan ne ka fi ɓata aikin. A jikin injin akwai wani ɗan murfi da ake murɗawa a tsawaita jelar bugun, ya tashi daga "tuf" ya koma "buuum" mai girgiza ƙirji. In ka ja jelar nan, kik ɗin ya riga ya cinye wurin bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Kai ka ja ta har ƙarshe, sannan ka kawo bes mai kauri ka ɗora a kai, suka haɗu suna kokawa, sifika tana ta gurnani kamar janareta ya shaƙe. Zaɓi ɗaya. In jela doguwa ce, bes ya zama siriri, gajere, yana tsalle a inda kik ya yi shiru.

Muryar mutum-mutumin da ka ji kuma ba Auto-Tune ba ce irin wadda mawaƙanmu ke sha kamar ruwa. Na'urar da aka fi sani da yin irin wannan murya, bokoda ake ce mata. Kana magana a makirfo, hannunka na kan fiyano, sai ta ɗauki siffar maganarka ta sa wa sautin fiyanon. Ba ta gyara muryar kowa. In ka tauna kalmomi, ƙugi kawai za a ji, don haka sai ka buɗe baki sosai. Wannan sai wani satin.

Yau ga aikinka. Buɗe sabon shafi, layi shida na ba ka, ban da ƙari: kik, ƙaramar ganga, tafi, kacau-kacau, bes, da karin fiyano guda ɗaya wanda yatsa ɗaya zai iya dannawa. Kada ka sa amsa-kuwwa a kan kik, ɗan kaɗan a kan tafi ya isa. In ka gama kada ka saurara a manyan sifikun nan, suna yi wa mutum ƙarya. Tura shi a waya, ka kai wa mai shayin bakin layi ya sa a 'yar rediyonsa, ka tsaya gefe ka dubi ƙafafun masu zama a benci. Ka taho mini da shayi in za ka dawo, kada a cika sukari.