Tambayi Likita: Gwajin jini zai iya maye gurbin ɗibar tsoka?

Daga Fagge: Tunda ƙwayoyin ciwon daji suna yawo a jini, zan iya ɗauka wajen jinyar mahaifina?

A'a, Malam. Ba a ɗaukarsa. Ci gaba da jinyar Baba, Allah ya ba da lada.

Daga Gwale: Na ji ƙullutu a mamana. Likita ya ce a ɗebi tsoka a auna, amma a gida an ce in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa zai yi. Ba gara in yi gwajin jinin da ake faɗa ba?

'Yar'uwa, tambayarki ta fi damuna. Gwajin gaskiya ne: ciwon daji yakan saki ƙwayoyinsa cikin jini, kuma a 2004 Amurka ta amince da na'urar CellSearch mai ƙirga su. Ana ɗibar jini mililita 7.5. Ga mai sankarar mama da ta riga ta bazu, samun ƙwaya 5 ko fiye alama ce cutar na da ƙarfi. Kin ga ke nan an yi shi ne don bibiyar wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar.

Ƙwayoyin nan kaɗan ne ƙwarai, kamar neman tsabar gero guda cikin buhunan dawa a Dawanau. Sai a ce jini lafiya lau, alhali cuta na nan. Ɗibar tsokar ce ke nuna ko daji ne, da irinsa, da maganin da zai ji. Wataƙila ma ba shi ba ne, yawancin ƙullutun mama ba daji ba ne.

Allurar da ake ɗibar tsokar da ita ba ta baza shi. Jinkiri ne ke ba shi damar bazuwa. Abin da ke ɓata min rai, masu hana ki allurar asibiti su ne za su kai ki a yi sakiya ko a shafa garin da ke cin fata. Sai wuri ya ruɓe a kwaso mace a kawo mana! Don Allah ki koma wajen likitanki cikin makon nan, ko ki je Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. Ki tafi da maigida ya ji da kunnensa. Kada ki jira sai ya fara zafi.

Daga Tarauni: Sai na ƙi cin abinci kafin wannan gwaji?

A'a, Hajiya, ci abincinki. Amma kada ki biya kuɗinsa sai likitan da ke kula da ke ya rubuta.