Fatawa: Hukuncin Ɓoye Canjin Hali Ga Ofishin Tallafi A Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok da 'ya'yana uku. Lokacin da maigidana ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa ya daɗe bai dawo ba, na nemi tallafin abinci na SNAP da inshorar lafiya ta Medicaid, aka ba ni a matsayin ni da yara kaɗai. Yanzu ya dawo muna gida ɗaya, ya koma tuƙin tasi, ni ma ina ɗan yin kitso ana biyana a hannu. Aurenmu a masallaci aka ɗaura, ba mu yi masa rajista a hukuma ba. Bayan dawowarsa fom ɗin sabuntawa ya zo, na cika na mayar ban sa sunansa ba, domin ƙawaye sun ce a idon hukuma ba ni da miji, kuma wai dukiyar gwamnatin da ba ta Musulunci ba babu laifi a cikinta. Shi ma maigidan ya ce in yi shiru saboda tsadar haya. Zuciyata ta ƙi natsuwa. Mene ne hukuncin abin da na yi, kuma yaya zan yi da abin da muka riga muka ci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan tambaya, kuma rashin natsuwar da kika ji alheri ne, domin Annabi (SAW) ya siffanta zunubi da abin da ya yi kai-komo a ƙirji, mutum ya ƙi son jama'a su gane shi.

Karɓar tallafin gwamnati ga wanda ya cika sharuɗɗansa halal ne, ko gwamnatin ta Musulmi ce ko ba ta Musulmi ba, kuma babu ƙasƙanci a cikinsa. Dukiya ce da hukuma ta ware daga harajin jama'a domin masu ƙaramin ƙarfi, ku ma kuna cikin masu biyan harajin. Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Umar, abin da ya zo maka na wannan dukiya ba tare da kwaɗayi ko roƙo ba, ka karɓa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Saboda haka abin da kika karɓa lokacin da maigidanki ba ya nan, kina kuma faɗar gaskiyar halinki, babu komai a kanki game da shi.

Sai dai wannan dukiya an bayar da ita ne bisa sharaɗi, kuma ranar da kika sa hannu a fom kin ɗauki alkawari biyu, wato cewa abin da kika rubuta gaskiya ne, kuma za ki sanar da canje-canjen da aka ce ki sanar a lokacin da aka ƙayyade. Allah Maɗaukaki ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Ya kuma ce a Suratul Isra'i, aya ta 34, lalle alkawari abin tambaya ne. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito kuwa, Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wanda ya ba ka dukiya domin wata siffa da yake zaton kana da ita, alhali ka san ta kau daga gare ka kuma ka ɓoye masa, bai ba ka da yardarsa ba, ita kuwa dukiyar wani ba ta halatta sai da yardarsa, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta nuna. Don haka mayar da fom ɗin sabuntawa ba tare da sunan maigidanki da abin da yake samu ba, da kuɗin kitsonki idan shi ma ba ki rubuta shi ba, ƙarya ce da ha'inci, haramun ne, kuma abin da aka ƙara miki saboda wannan ɓoyewa ba haƙƙinki ba ne.

Maganar da ƙawayenki suka faɗa game da dukiyar wanda ba Musulmi ba ita ce ta fi damuna, domin ta yaɗu a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka, har wasu suna ɗaukarta wayo. Alƙur'ani ya kawo irin wannan magana ne a bakin mutanen da ya zarga. A Suratu Ali Imrana, aya ta 75, Allah ya ba da labarin wasu daga Ma'abota Littafi waɗanda ko dinari ɗaya ka ba ɗayansu amana ba zai mayar maka ba sai ka tsaya a kansa, saboda sun ce babu laifi a kansu game da waɗanda ba nasu ba, sai Allah ya ce suna yi masa ƙarya alhali suna sane. Bai dace Musulmi ya ɗauki hujjar da Allah ya ƙaryata ya mayar da ita tasa ba. Bukhari ya ruwaito a cikin hadisin sulhun Hudaibiyya cewa Mugira ɗan Shu'uba ya yi tafiya da wasu mutane a zamanin jahiliyya, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta, sai Annabi (SAW) ya ce masa Musuluncin ya karɓa, amma dukiyar ba ruwansa da ita. Masu dukiyar nan mushirikai ne, amma tun da ta hanyar yaudara aka same ta, bai taɓa ta ba. Muslim kuma ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun kama Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa a hanyarsu ta zuwa Madina, suka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba, da suka gaya masa sai ya umarce su da su koma, ya ce za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. A yaƙin Badar ke nan, lokacin da Musulmi suke da tsananin buƙatar kowane mutum guda. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan haka, har Shehu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa haramun ne fursunan yaƙi Musulmi ya ci amanar waɗanda suka kama shi idan sun amince masa bisa yardarsa. Idan wannan ne hukuncin fursuna a hannun abokan gaba, to wanda ya shiga ƙasa da aminci, yake zaune lafiya, ake kuma ciyar da 'ya'yansa daga baitulmalinta, ya fi cancanta ya kiyaye amana.

Batun cewa a idon hukuma ba ki da miji shi ma ba mafita ba ne, ta fuska biyu. Ta fuskar dokar shirin, tambayar da ake yi a SNAP ita ce su wane ne suke zaune tare suna saye da dafa abinci tare, kuma iyaye da 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 22 da ke gida ɗaya dole a lissafa su gida guda, ko da rajistar aure ko babu. Tun da shi ne mahaifin yaran kuma yana kwana a gidan, yana cikin lissafi, ko da takardunsa na zama a ƙasar ba su ba shi damar karɓar tallafin da kansa ba, domin a irin wannan hali ma ana duba abin da yake samu. Ta fuskar shari'a kuwa, Muslim ya ruwaito cewa rantsuwa tana kan niyyar wanda ya nemi a rantse masa. Ma'ana, idan mai haƙƙi ya tambaye ki, amsarki tana tafiya ne bisa abin da shi yake nufi da tambayar, ba bisa wata ma'ana da kika ɓoye a ranki ba. Ina kuma jan hankalin mata da maza a kan munin mace ta rubuta cewa ba ta da miji, ko miji ya yarda a shafe sunansa daga gidansa, alhali Allah ya kira aure alkawari mai kauri.

Akwai wani bambanci da ya kamata ki sani, domin kada tsoro ya sa ki ɗora wa kanki abin da ba a ɗora miki ba. Abin da ya wajaba a kanki shi ne abin da aka sharɗanta, ba kowane motsi na rayuwarki ba. Yawancin gidaje a SNAP suna ƙarƙashin tsarin da aka sauƙaƙa, inda a tsakanin sabuntawa da sabuntawa babban abin da ake nema shi ne a sanar idan jimillar kuɗin shigar gidan a wata, kafin a cire komai, ta haura kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya, wato adadin kuɗin shiga da gwamnatin tarayya ta ƙayyade gwargwadon yawan mutanen gida, kuma a sanar cikin kwana 10 bayan ƙarewar watan da hakan ya faru. Adadin da ya shafi gidanki yana rubuce da dala a takardar da aka aiko miki lokacin da aka amince da buƙatarki. Sauran canje-canje ana faɗarsu ne a rahoton tsakiyar wa'adi, wanda galibi yake zuwa bayan wata 6, ko a lokacin sabuntawa. Saboda haka mai yiwuwa ne watannin farko bayan dawowar maigidanki babu laifi a kanki, idan abin da kuke samu bai kai wannan adadi ba, laifin ya fara ne daga ranar da aka tambaye ki a fom kika ɓoye. Amma Medicaid da tallafin kuɗi na iyali suna da nasu ƙa'idojin, waɗanda sukan bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma dokokin kansu suna sauyawa, kamar yadda dokar tarayya ta watan Yulin 2025 ta faɗaɗa sharaɗin yin aiki a SNAP. Don haka karanta takardun da ake aiko miki wajibi ne, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan Turancin ya yi miki nauyi, ki nemi tafinta a ofishin, kyauta ake bayarwa, kada ki dogara da fassarar maƙwabciya.

Ki sani kuma faɗar gaskiya ba lalle ne ya yanke tallafin gaba ɗaya ba. Idan an ƙara mutum a gida ma'aunin yana ƙaruwa a lokacin sabon lissafi, ana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin da aka samu ta hanyar aiki, ana la'akari da haya da kuɗin renon yara, kuma mai sana'ar kansa, kamar direban tasi ko mai kitso, ana cire masa abin da ya kashe a kan sana'ar. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta kowane kai da kika kitsa, da ranar, da abin da aka biya ki, da abin da kika kashe wajen sayen kayan aiki, shi ma maigidan ya adana rasit ɗin mai da na gyaran mota. Tsadar hayar da ya ambata, wurin faɗarta shi ne cikin fom, inda za a lissafa muku ita.

Uzurin lalura bai tabbata a nan ba, domin lalurar da take halatta haramun ita ce wadda mutum yake tsoron halaka kuma ba shi da wata hanya, ku kuwa kuna da sana'a biyu, ga rumbunan rabon abinci kyauta, ga zakkar masallatai wadda kuke da haƙƙi a cikinta idan kun cancanta. Ciyarwa da wurin zama wajibin maigidanki ne gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 6 da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ suka bayyana, kuma umarnin da ya ba ki na yin shiru ba a binsa, saboda babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Ki yi masa magana da ladabi, ki nuna masa wannan amsa, ki kuma tuna masa cewa sa hannunki ne a takardar, ke za a fara tuhuma. Ofisoshin nan suna gwada bayanan mutane da na albashi da na haraji, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wanda aka tabbatar ya karya ƙa'idar SNAP da gangan ana dakatar da shi wata 12 a karo na farko, wata 24 a karo na biyu, a na uku kuma har abada, ban da biyan abin da ya karɓa.

Game da abin da ya wuce, ki tuba ga Allah da nadama da ƙudurin ba za ki koma ba, sannan tun da akwai haƙƙin wasu a ciki, tubar tana cika ne da mayar da shi. Yaran babu komai a kansu na abin da suka ci, bashi ne a wuyanki da na mahaifinsu. Abin da za a mayar shi ne rarar da ke tsakanin abin da aka ba ku da abin da kuka cancanta da an faɗi gaskiya, ba dukkan tallafin ba. Bai isar ba ki yi sadaka da kwatankwacinsa ko ki aika gida a raba wa mabuƙata, domin sadaka a madadin mai haƙƙi ana yin ta ne idan ba a san shi ba ko an kasa kaiwa gare shi, nan kuwa ofishin sananne ne kuma yana karɓar biya. Ki sanar da su a rubuce ranar da maigidanki ya dawo da ranar da kowannenku ya fara samun kuɗi, ki riƙe kwafi da shaidar cewa sun karɓa. Za su lissafa rarar, kuma ga wanda yake ci gaba da karɓar tallafin SNAP akan cire kashi 10 cikin 100 na abin da ake ba shi kowane wata idan an ɗauki abin a matsayin kuskure, ko kashi 20 idan an tabbatar ganganci ne. Ko da kuskuren daga ofishin ya fito ana neman a mayar, wannan kuma ya dace da shari'a, domin rashin zunubi ba ya mayar da dukiyar wani ta zama taka. Idan suka rage miki wani abu saboda halin da kuke ciki, abin da suka yafe ya halatta gare ki.

Shari'a ba ta nemi ki jefa kanki cikin cutarwar da ta wuce haƙƙin da ke kanki ba. Kafin ki je, ki nemi lauyoyin da suke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, musamman idan wani a gidan yana da batun takardun zama a ƙasar, kuma kada ki sa hannu a wata takarda ta amsa laifi ko ta yafe zaman sauraro sai lauya ya karanta miki ita. Idan kika ga lissafinsu ya zarce gaskiya, kina da damar neman a saurari ƙorafinki cikin kwana 90 a SNAP, kuma neman haƙƙinki ta wannan hanya halal ne matuƙar abin da za ki faɗa a wurin gaskiya ne.

Allah ya buɗa muku ƙofofin halal, ya albarkaci zuriyarku. Allah ne mafi sani.